Takardun Rum a Akwatin Dada

Wata huɗu na yi ina sintiri tsakanin unguwarmu Yalwawa da gidan waya kafin ƙunshin nan ya iso. Shekarar 2001 ce, ina ajin ƙarshe na karatun lauya a Kano, na ɗauko wa kaina dala ba gammo: rubutun kammalawa a kan kotunan duniya masu hukunta laifukan yaƙi. Duk faɗin Dutse babu mai kwafin Yarjejeniyar Rum, wadda za ta kafa sabuwar kotun. Na rubuta wa wani ofishi a Legas, suka ce na Turanci ya ƙare, ga na Larabci. Ban damu ba, ai Islamiyya ba wasa na je yi ba.

Malamin da ke duba aikina kuwa ya gama magana: babi na uku ranar Litinin, ko in maimaita shekara.

Ranar Laraba na baje takardun a kan tabarma ina jerawa, don ba a ɗinke suka zo ba. Na fita sayen biro. Na dawo na tarar da tabarma fes, kamar an lashe.

Kakata Iyatu, wadda muke kira Dada, tana bakin ƙofa tana jan carbi.

"Dada, ina takarduna?"

"Alƙaliya, ashe bokon naki har ya kai ki zubar da ayar Allah a ƙasa? Suna akwati."

Na ce to, na tuba, a ba ni. Ta gyara ɗan makullin da ke ɗaure a bakin zanenta.

"Tun jiya ban ga kin ɗauki buta ba. In kin yi wanka kya karɓa."

Ni da salla sai Talata mai zuwa, ga Litinin a gabana. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, cewa ba duk Larabci ne Alƙur'ani ba, wannan lauyoyi ne suka rubuta a ƙasar Turawa.

"Ko kwalin dabinon da Baffa ya kawo daga Makka ai da Larabci a jiki!"

Ta ɗaga carbi ta nuna saman kwaba. Ga kwalin can a naɗe cikin farin ƙyalle, shekara shida. Babana yana Taura wurin aiki, ko da yana nan ma ba ya haye maganar Dada. Na yi fushi, na ƙi cin tuwo, na yi magiya har da 'yar ƙwalla. Ko gezau.

Sai ranar Juma'a da hantsi ta sassauto, ita ma da sharaɗi. Za ta yi alwala ta riƙe takardun, ni in zauna nesa kaɗan in karanta da ido, hannuwana a kan cinya. Haka ɗalibar lauya ta durƙusa gaban tsohuwar da ba ta san alif ba, tana riƙe mini shafi a juye, ina cewa ta birkito shi. In na ce ta buɗe gaba, sai ta yi bisimilla, ta lashi yatsa, ta kwashi shafi uku a haɗe. Ga shi kuma ta ce ba a karatu babu fassara, ko a tafsiri ma ana yi.

Da gatse na fara fassara mata sashe na takwas. Kai hari kan mutanen da ba sa yaƙi laifi ne. Afka wa ƙauyen da ba shi da masu kare shi laifi ne. Kwasar ganima, korar mutane daga mazauninsu, duk laifi ne.

"Buɗe gaba, Dada."

Ba ta buɗe ba.

"Maimaita na ƙauyen nan."

Na maimaita. Ta ce ranar kasuwa ce, maza duk sun tafi, aka zo aka cinna wa rugarsu wuta a kan rigimar burtali, hanyar da shanu ke bi. Ƙanenta Bubayero kaɗai aka bari gida saboda zazzaɓi. Ya fito da sanda. A gidanmu an san Dada ta yi ƙane, amma ban taɓa jin yadda ya rasu ba. Shekara talatin da wani abu, ta ce, ko mutum ɗaya ba a kira gaban alƙali ba, tana ma haɗuwa da wasu daga cikin maharan a kasuwar Kiyawa.

"Ashe an saukar da hukuncinsu. Alƙaliya, rubuta sunansa ki aika."

Da na iya ƙarya da na yi. Amma wata huɗu ina jiran takardar nan, na san abin da ke gaba. Na ce kotun ba a ma buɗe ta ba tukuna. In an buɗe, ba za ta saurari abin da ya faru kafin kafa ta ba. Kuma abin da aka yi musu, a wurin masu dokar, bai kai a kira shi yaƙi ba.

"A ciki aka rubuta haka?"

"A ciki, Dada. Sashe na goma sha ɗaya."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta tattara shafukan, ta daidaita bakinsu a kan gwiwa, ta miƙo mini.

"Ai ban yi wanka ba," na ce, ni da na kwana biyu ina rantsuwar ba komai.

"Karɓi abinki. Littafin Allah ba ya cewa jinin mutum ya tsufa."

Ta ɗora mini su a cinya, ta koma bakin ƙofa da carbinta. Na kai babin ranar Litinin, malamin har ya yaba. Ni dai tun da nake ban taɓa cin gardamar da ta ƙona mini rai irin wannan ba.