Ƙofar da Kotu ta Ba Ni

Da aka raba mana gadon gidan Baba, na tashi da ɗakuna uku masu kyau da rijiya da bishiyar lemo. Abu ɗaya aka manta a ba ni, hanyar fita.

'Yan'uwanmu mata sun zaɓi gona, sun huta. Gida ya rage tsakanina da Yaya. Alƙalin ƙaramar kotu, mutum mai son adalci har ya yi masa yawa, ya ga ɗakunana sun fi na Yaya girma, sai ya cike masa giɓin da soron gaba da ɗan tsirin filin da ke bayan katangata, inda Baba yake ɗaure awaki. A takarda lissafi ya fita daidai. A ƙasa kuwa ni na zama gwaiduwa, Yaya ya zama ɓawon ƙwai.

Yaya tsohon direban babbar mota ne, ciwon baya ya raba shi da sitiyari. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon hanya ba ya iya zama ba abin kallo. Sai ya kafa kujera a soro, ni da iyalina muka zama hanyarsa.

"Auta, yau ka makara. Shagon ɗinkin naka aljanu ke buɗe maka?"

Da yamma kuma: "Me ke cikin ledar? Kifi? Ai jiya ma kifi ne. Kai da kyanwa ban san wa ya fi wani ba."

Ina da furfura, ina da jika, ina da yara huɗu da ke koyon ɗinki a ƙarƙashina suna ce mini Oga. Amma a soron nan sunana Auta, kuma ba ledar da ta taɓa wucewa ba a yi mata tambayoyi ba.

Na same shi cikin ladabi, na ce ya bar mini faɗin ƙofa kawai daga tsirin baya, in fasa katanga in riƙa fita ta lungu. Ya dube ni kamar na ce a sayar da kabarin Baba.

"Gidan nan ƙofa ɗaya gare shi. Ta nan aka shigo da Inna, ta nan aka fita da Baba. Kai wane ne da za ka fita ta baya kamar ɓarawo?"

Da na kai wa uwar yara labari, ko ɗago kai ba ta yi daga wankin da take yi ba. "To, ko ka ɗaukaka ƙara, ko ka koyi tashi sama."

Na auna shekaruna da nauyina, na ɗaukaka ƙara.

Lauyana matashi ne mai fara'a, yaran shago suka sa masa suna An-ɗage, don duk dawowar da zai yi daga kotu da wannan kalmar yake fara gaisuwa. Kotun ɗaukaka ƙarar tana can ƙarshen gari, ni kuwa ko keke ban ajiye ba, in ban da na ɗinki. Ranar zaman farko ina bakin titi ina jiran mota, sai ga Yaya a kan babur ɗinsa.

"Hau. Wuri ɗaya za mu, ɓarnar kuɗin mota ce."

Haka muka yi ta yi har damina ta zagayo ta sake zagayowa, mai ƙara a baya ya ƙanƙame rigar wanda yake ƙara. A hanya yana gaya mini yadda zai kayar da ni, ni ina roƙonsa ya rage gudu kada ya kayar da mu duka.

Ni dai na shirya jawabi. Ina taka keken ɗinki ina bitarsa, har yaran suka haddace wurin da zan ce, "Ya masu shari'a, ko kurciya tana da ƙofar sheƙarta." Na ɗinka wa kaina sabuwar riga saboda ranar. Da ranar ta zo na raɗa wa lauya, yaushe za a kira ni.

"Ba za a kira ka ba, Baba. A nan ba a sauraron shaidu. Abin da ƙaramar kotu ta rubuta ake dubawa, a ga ko alƙali ya yi kuskure."

"To ni me na zo yi?"

"Zama."

Na zauna, kuma ba yabon kai ba, na iya.

Ranar hukunci alƙalai uku suka jeru. Na tsakiya ya yi ta karatu da murya ƙasa-ƙasa, fankar sama tana ƙara kamar tana da nata ƙorafin. Na ji an ce an tabbatar, gabana ya faɗi. Can kuma na ji an ce an soke, na ɗan farfaɗo. Da aka tashi, Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Auta, wa ya ci?"

"Na zaci kai ka gane."

Sai a waje, ƙarƙashin rumfar masu babura, lauya ya warware mana. Rabon yana nan yadda yake, amma kotu ta ce kason da ba shi da mafita bai cika kaso ba. Za a yanka mini faɗin ƙofa daga tsirin baya, ni kuma in mayar wa Yaya daidai wannan awon daga tsakar gidana, kusurwar da lemon yake. Soro kuwa, daga nan ba ni da sauran hanya ta cikinsa.

Yaya dai ya tayar da babur, ya jira na hau. Direban da ya san kowane rami a hanyar nan da sunansa, ran nan bai kauce wa ko ɗaya ba.

Magini ya fasa katanga, mai walda ya kafa ƙofar ƙarfe, na shafa mata shuɗin fenti da hannuna, rabi a ƙofa rabi a wando. Kwanakin farko sai in fita ba dalili, in tsaya a lungu in duba gabas da yamma, in dawo. Uwar yara ta ce in tausaya wa hinjin ƙofar, shi ma sabon shiga ne.

Yaya kuwa ban sa shi a ido ba. In zan gaishe shi yanzu sai na zagaya lungu, na wuce shagon mai walda, na tsaya na yi sallama a ƙofar ubana kamar mai tallar man shafawa. Kullum sai in ce gobe.

Wata Asabar da la'asar ina tsakar gida ina yanke farce, aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Maigidan yana ciki?"

Muryar Yaya ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya nemi izinin shiga wurina ba. Allah ya yafe mini, na yi shiru don ya sake faɗa. Ya sake. Sannan na buɗe.

Bai dube ni ba, ƙofar ya duba. Ya daka mata ƙafa kamar yana gwada tayar mota, ya girgiza ta, ya leƙa ƙarƙashinta.

"Wa ya yi maka waldar nan? An cuce ka."

"Shigo mana, Yaya."

Ya shigo, uwar yara ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa. Ya sha, ya tambayi jikan, ya yi mitar bayansa, na yi mitar idona. Ba wanda ya ambaci kotu. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Dokin ƙofar nan ya yi ƙasa. Ruwan farko da za a yi, a ɗakinka zai kwana. Gobe zan zo da siminti mu ɗaga shi. Ka ce a bar mini ita a buɗe."

"Sai dai ka ƙwanƙwasa, Yaya."

Ya harare ni tun daga hula har silifa, ya juya ya bi lungu yana magana shi kaɗai.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa, da ƙarfin da ya kusa tabbatar da maganarsa kan mai walda.