Ribas a Gaban Giwa

Mutumin da aka nuna wa abu ya ce "na gani", alhali bai ga komai ba, don kawai kada ran mai nuna masa ya ɓaci, ƙarya ya yi ko ladabi? Shi kuma wanda ya san bai gani ɗin ba amma ya ce masa "yawwa", a wane layi za a sa shi? Har yau ba a samu wanda ya raba wannan gardama ba.

Mai Tirela ya shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota, kuma abu biyu yake taƙama da su: idonsa da ribas ɗinsa. A zamaninsa yakan karanta lambar mota tun tana ɗan ɗigo a bakin hanya, yakan kuma cusa tirela da baya a lungun da mai keke ma sai ya sauka ya tura. Shekara biyu da suka wuce ya ajiye makulli, ya ce bayansa ke ciwo. Bayansa lafiya lau. Rubutun allunan hanya ne ya fara narkewa a idonsa, bai kuma gaya wa kowa ba.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa, inda mijinta ke aikin likitan haƙori. Da cikinta ya kai wata bakwai sai ta aika masa da tikitin jirgi. Kwana uku da saukarsa ta same shi a falo yana gaishe da rigar sanyin da ke rataye bayan ƙofa, har yana tambayarta iyali. Washegari ta ce ya raka ta a duba mata ido. Da suka je, shi aka zaunar a kujerar. Bayan mako guda ta miƙa masa tabarau a cikin ɗan akwati.

"Ajiye mini, Uwata," in ji shi. "In na tsufa sai in karɓa."

Shekarunsa sittin da takwas. Ta jefa akwatin a jakarta, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ranar hutun Likita, surukin nasa, suka ɗauke shi da safe zuwa wani gandun namun daji. Motar ƙarama ce, Mai Tirela ya zagaya ta sau ɗaya ya tambaya ko ana sayar da babbarta. A ƙofar gandun wata ma'aikaciya ta karanta musu dokoki, Likita yana fassarawa: ba a fita daga mota, ba a danna oda, in giwa ta nufo ka kuma, ka ja da baya a hankali.

"Ita ma ta san darajar ribas," in ji Mai Tirela.

Suka shiga. Likita na tuƙi, tsohon na gefensa, Uwata a baya da cikinta da jakarta.

"Baba, ga barewa can!"

"Na gani."

"Ga raƙumin dawa, bayan itacen nan."

"Na gan shi. Dogo ne."

Abin da yake gani kore ne da ƙasa-ƙasa, kamar an zuba ruwa a kan zane. Amma muryar 'yarsa cike take da murna, ya ga bai kamata ya rage mata ba. Da ya ga abin na tafiya daidai sai ya ƙara da nasa. Ya nuna wani ƙaton suri a gefen hanya.

"Kai, wannan ɓauna ta ƙoshi."

"Sosai, Baba," in ji Likita.

Uwata ta juya tana kallon ɗaya tagar.

Wajen hantsi suka bi wata siririyar hanyar jan ƙasa, rami ta dama, rami ta hagu, inda ruwan sama ya zaizaye. Suna shan kwana Likita ya taka birki da ƙarfi.

"Me ya faru? Ka ga shingen duba takardu ne?"

"Giwa ce, Baba," in ji Uwata, murya ƙasa-ƙasa. "Da ɗanta."

Mai Tirela ya duba. Wani bango mai launin toka ya tare hanyar, kuma bangon yana motsi. Wannan karon bai ce ya gani ba. Ya ji ta dai: wani gurnani da ya ratso ƙarfen motar ya shigo masa ta tafin ƙafa.

"Ta buɗe kunnuwa," in ji Uwata. "Wayyo! Tana tahowa."

Likita ya sa ribas, ya murɗa sitiyari ta inda bai kamata ba. Tayar baya ta zame zuwa bakin rami, ƙasa ta zube, motar ta yi tari ta mutu.

"Baba," in ji shi, "ni fa ko a wurin ajiye motoci sai an tsaya ana duba mini."

"Haƙori ma da baya kake cire shi, ai. Matso."

Fita ba dama, sai a ciki suka yi canjin wuri. Shekara shida suna surukuta ba su taɓa haɗa ido ba, yau ga gwiwar Likita a cikin Mai Tirela, ga hular Mai Tirela a hammatar Likita. Kowa na cewa "yi haƙuri", ba wanda ya san wa ya taka wa.

Tsohon ya zauna. Hannunsa ya sami giya da kansa, ƙafarsa ta sami kuloci, ya tayar da injin. Jikinsa bai manta komai ba. Ya ɗaga ido ya dubi madubi.

Babu hanya a cikin madubin. Babu rami. Jan abu ne kawai da kore, a cakuɗe.

Ya yi lissafi, don shi mutum ne mai lissafi ko a cikin tashin hankali. Hannunsa ya san aikin. In ya ja a hakan, da ji da tsammani, cikin goma zai iya fita sau takwas, kuma a koma gida ana ba da labarin yadda Mai Tirela ya yi ribas a gaban giwa da idonsa na Allah. Tun safe yake cewa "na gani", ba wanda ya yi asarar ko allura. Amma sauran biyun nan na cikin goma, ba shi kaɗai zai faɗa ramin ba. A bayansa yana jin numfashin mutum ɗaya da ke numfashi saboda mutum biyu.

Giwar ta ƙara taku. Ƙura ta sauka a gilashin gaba.

"Baba, don Allah," in ji Uwata.

Bai juya ba. Ya miƙa hannu ta kan kafaɗarsa, tafin a buɗe.

"Uwata."

"Na'am."

"Na tsufa. Miƙo."

Ba ta ko lalube jakar ba. Akwatin yana hannunta, a buɗe, tun lokacin ɓaunar nan.

Ya sa tabarau. Bakin ramin ya fito tar a madubi, taƙi ɗaya daga tayar. Ya dubi gaba sau ɗaya, ya ga fata mai tamoji, da haure guda da ya gutsure, da ɗan ƙaramin yana leƙowa ta tsakanin ƙafafun uwarsa.

"Ashe har gashin ido gare su," in ji shi.

Ya gyara zaman tabarau a hancinsa, ya murɗa sitiyari, ya fara sakin kuloci a hankali.