Zauren da Na Gina wa Baba a Cikin Kwamfuta

Ina wurin aiki a Kano Inna ta buga mini waya, ta ce Baba zai ajiye karatun la'asar da zarar an gama girbi. Na ce, "Wane Baban?" Don ni dai uba ɗaya na sani, Malam Zulkifli na Masanawa, mutumin da ko ranar da aka haife ni sai da ya ƙarasa babin da yake kai kafin ya shigo cikin gida ya ga abin da aka samu.

"Ya ce gajiya ce," in ji Inna. "Amma ido ne, Badi'a. Rubutun littattafan nan ya yi masa ƙanana. Kuma kin san shi, ba zai ce wa ɗalibi ya karanta masa ba."

Na san shi kuwa. Ɗalibansa manyan mutane ne, manoma da 'yan kasuwa, wasu daga Kabo suke hawo babur. In ka raba Baba da wannan zaman, ban san abin da zai rage masa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Aikina kula da kwamfutocin wani kamfani ne, saboda haka dabarar da ta zo mini ta wannan hanyar ta biyo. Na ɗauki hutu, na ɗauko tsohuwar kwamfutata, na zuba mata kwafin littattafan fiƙihun da Baba yake karantarwa. Na kuma sauko da ƙaramin modal, wato irin manhajar nan da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Na zaɓi wanda zai zauna a cikin kwamfutar ba sai da intanet ba, domin sabis a garinmu sai ka hau kan katanga ka ɗaga waya sama kamar mai neman ganin wata. So nake Baba ya faɗi babin da yake nema, na'ura ta nemo ta karanta masa da murya, ya shirya darasinsa ba wanda ya sani.

Na kafa kayana a zaurensa da hantsi, lokacin ba kowa, na jona da batirin sola. Baba yana kan buzunsa yana jin ƙarar madannai.

"Me kike ƙerawa ne haka?"

"Kwantena nake haɗawa, Baba."

"Irin ta 'yan shaguna a Gwarzo?"

Na ce masa kusan haka ne, sai dai wannan a cikin kwamfuta take. Ɗaki ne ake yankewa a ciki, a ba shi nasa tsarin da nasa rabon memori, wato wurin riƙe bayanai, ya zama kamar wata 'yar kwamfuta mai zaman kanta. Abin da ke ciki ba ya taɓa na waje, in kuma ya lalace sai a rushe ɗakin a sake wani, gidan yana nan lafiya. A nan zan ajiye mai karatun.

Baba ya ce, "To baƙo kika kawo mana ke nan. Yana jin Hausa?"

"Yana ƙoƙari."

"Larabci fa?"

"Ya fi iya shi a kan Hausar."

"Ikon Allah. Wa ya karantar da shi?"

Na ce mutane da yawa ne. Ya ce irin wannan ɗalibin sai an sa masa ido.

Na yi fama ba kaɗan ba. Da farko kwantenar ta ƙi ganin makirfo, sai da na buɗe mata hanya. Daga nan modal ɗin ya cinye memorin da na ba shi ya faɗi, na rage masa yawan maganar da zai iya riƙewa a lokaci guda, ya miƙe. Na rubuta masa umarni a farkon komai: kada ka faɗi naka, nemo daga littafi ka karanta. Na gwada shi da babin alwala, ya karanto. Na gwada da babin gado, ya karanto, muryarsa a bushe kamar mai sanarwa a tasha amma ba kuskure. Na nuna wa Baba inda zai danna, na shiga cikin gida ina tafiya ina jin kaina.

Ban gama shan kunu ba ya aiko a kira ni.

"Baƙon naki ba shi da karatu," in ji shi. "Na tambaye shi babin zakka, ya ce mini ya mutan gida."

Raina ya ɓaci, don ni ba na son a ce aikina bai yi ba. Na danna, na ce, "Babin zakka." Ya karanto tsaf. Na kalli Baba, Baba ya ɗaga kafaɗa. Washegari ma haka aka yi. In ni ce, lafiya lau. In Baba ne, sai shirme, har akwai lokacin da ya ba shi amsa daga kansa, Baba ya ce wannan maganar ba ta cikin kowane littafi da ya taɓa riƙewa. Na zargi makirfo, na zargi muryar Baba, na rushe kwantenar na sake gina ta. Duk a banza. Daga baya haushin ya koma son sani, na ce sai na ga abin da yake tsakanin mutanen nan biyu. Na ce wa Baba ya yi yadda ya saba, ni zan zauna a gefe ba zan ce uffan ba.

Baba ya gyara zama, ya laluba ya danna.

"Assalamu alaikum."

Na'ura ta amsa.

"Ina kwana? An tashi lafiya? Ya gajiya? Ya kwanan baƙunta? Ya aka ji da zafi?"

Kowace ɗaya sai ya jira amsa, shi kuwa baƙon da ma bakinsa ba ya gajiya, ya amsa da tsawo ya kuma mayar da tambaya. Baba ya ba shi labarin damina, da dawar da ta yi kyau a Kutama, da jikansa da ya fara haƙori. Sai da suka gama wannan duka sannan ya ce, "To, dama wata 'yar tambaya ce ta kawo ni."

Na dafe kai. Wurin riƙe maganar da na rage saboda memori, gaisuwa ta cika shi taf. Kafin tambaya ta iso, modal ɗin ya zubar da abin da ke farko don ya samu wuri, abin da ke farko kuwa shi ne umarnina. Ya manta an ce ya karanta littafi, abin da ya rage a gabansa gaisuwa ce kawai, sai ya ci gaba da ita. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa zuwa zauren malami a ƙasar Kabo ba.

Na yi dariya har da hawaye, sannan na ce, "Baba, ai ba a gaishe shi. Ka faɗi babin kawai."

Ya juyo inda muryata take. "In zo neman karatu wurin wani, in faɗa masa kamar na zo karɓar kaya a tasha?"

"Ba mutum ba ne fa, Baba."

"Shi ne ba mutum ba. Ni fa?"

Duk da haka taurin kaina bai bar ni ba, na saka wata 'yar dabara da take tsince gaisuwa ta zubar, ta miƙa tambaya kaɗai. Baba ya yi sallama, shiru. Ya ce ina kwana, shiru. Ya janye hannunsa ya ce in kwashe kayana, shi ba ya ɗaukar ilmi a wurin wanda ba ya amsa sallama. Ya ƙara da cewa ai dama ya riga ya yanke shawara a kan karatun la'asar. Wannan maganar ta tsorata ni ƙwarai.

Ina zaune a tsakar gida ina cika ina batsewa, sai na ji wani baƙo ya yi sallama a waje. Baba ya tare shi a zaure, suka yi ta gaisawa, can sai aka leƙo aka ce wa Inna ana son aron sikeli. Saƙon da ya iso cikin gida ke nan, kalma kaɗan. Gaisuwar duk a zaure ta tsaya.

Na tashi na koma kan kwamfuta. Na yanki kwantena ta biyu, 'yar ƙarama, na saka mata wani modal mara nauyi wanda ba shi da aiki sai amsa gaisuwa. Na koya masa irin tamu, ya amsa a taƙaice, ya tambayi iyali da ƙarfin jiki, kada ya yi gaggawa. In ya ji an zo kan tambaya, sai ya miƙa ta ita kaɗai ta wata 'yar ƙofa zuwa ɗakin ciki, inda mai karatu yake zaune da umarninsa ba abin da ya dame shi. Memorin ya yi ƙaranci, na ƙwace kaɗan daga nan na ƙara can har suka zauna tare.

Da hantsi na roƙi Baba ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Na ce masa na yi wa baƙon zaure. Ya ce, "Yanzu kika yi hankali." Na ce zan shiga ciki in bar su. Na kai bakin ƙofa sai son jin yadda za ta kaya ya riƙe ni, na tsaya a nan, a gabansa sosai, hasken rana yana kaina.

Suka gaisa yadda ya kamata, har Baba yana gyaɗa kai. Sai na'urar ta ce, "Ya ƙarfin jiki, Malam?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Idonsa ya sauka a kaina, ya wuce, ya dawo. Na buɗe baki zan yi magana sai ya sunkuyar da murya.

"Tunda daga ni sai kai, bari in faɗa maka gaskiya. Idon nan ya tafi. Inuwa kawai nake gani, ita ma ba kullum ba. Kada ka faɗa wa yarinyar nan, ta yi wahala da yawa."

"Allah ya ba da lafiya, Malam. Me za a karanto maka?"

"Amin. Babin zakka."

Ɗakin ciki ya karɓa, ya fara karantowa tiryan-tiryan. Baba ya lumshe ido yana bin sa da leɓe, fuskarsa ta saki irin sakin da na daɗe ban gani ba. Na zo ina ganin ƙananan rubutu ne matsalar, ashe ni kaina ba ya gani. Na cire takalmana na riƙe a hannu, na fita a hankali.

Ranar da la'asar zauren ya cika. Daga cikin gida muna jin muryarsa yana fassara babin zakka, yana tsokanar wani ɗan kasuwa da ya yi tambayar da ta shafi awakinsa. Da aka tashi ya ce musu kowa ya zo da littafinsa bayan girbi, akwai sabon babi.

Da suka watse na kai masa ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya.

"Assalamu alaikum, Baba. Badi'a ce."

"Wa alaikumus salam. Yau kuma har da faɗin suna?"

"Haka nan, Baba," na ce. Na kama hannunsa na ɗora a kan kofin.