Ranar da Hammawa Ya Zo Unguwar Hajji

Falalu tela ya kutsa cikin taron baje kolin littattafai a Kano, yana sharce gumi, har ya isa teburin Hammawa. Hammawa marubuci ne daga Garwa ta Kamaru, da Fillanci yake rubutu, kuma ranar ake ƙaddamar da littafinsa da abokinsa Malam Muntaka ya mayar Hausa.

"Ranka ya daɗe, ni maƙwabcin Malam Muntaka ne, daga Karaye. Ya ce ka yi haƙuri, jikin ya ƙi. Ko zama sai an tallafe shi."

Hammawa ya ajiye biro. Shekara da shekaru shi da Muntaka suna yawon taruka tare, Zariya, Kaduna, Jos. Shi ya karanta da Fillanci, Muntaka na gefensa yana juyawa da Hausa.

"Ya ga littafin kuwa?"

"Bai gani ba. Shi aka aiko ni in karɓo."

"To, da ni za ka koma."

Masu taro suka yi ta roƙo, ga manyan baƙi sun hallara. Hammawa ya ɗora wa Falalu kwalin littattafai a ka, suka nufi tasha.

Bayan la'asar suka sauka. Kafin Rabi'atu, matar Muntaka, ta gama share zaure, labari ya zaga Unguwar Hajji. Har makiyayan ƙauyen Jajaye da suka ci kasuwa suka fasa tafiya gida.

Falalu ne ya ɗauko maƙwabcin nasa, ya ji ba nauyi ko kaɗan. Ya zauna bayansa, ya jingina shi a ƙirji. Muntaka ya karɓi littafin, ya shinshina takardar, ya daɗe yana shafa sunansa a bango.

"Bismillah, fara," ya ce wa Hammawa. "Amma a hankali, ka san halinka."

Hammawa ya karanta labarin wani bijimi da ya ƙi ƙetare kogi sai an kira shi da sunan uwarsa. Muntaka ya bi shi da Hausa. Da fari muryar tana rawa, sannan ta miƙe, har Falalu yana jin ta a ƙashin ƙirjinsa. Fulanin sai su yi dariya sau biyu, ɗaya ta Fillanci, ɗaya ta Hausa. Mutanen da suka daɗe suna cewa Muntaka ba shi da sana'a sai jan biro, ga su nan tsugune bakin ƙofa, baki buɗe.

Can Hammawa ya dakata. "Wallahi nan wurin naka ya fi nawa daɗi."

"Na sani," in ji Muntaka. "Kunyarka na ji ban faɗa ba."

Zaure ya kaure da dariya, har da shewar mata daga cikin gida.

Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi ran Muntaka. Falalu ne ya ɗinka likkafanin, bai bari kowa ya taɓa masa ba.

Bayan sadakar bakwai, kan hanyarsa ta zuwa Rogo kai ɗinki, ya hangi wani tsohon makiyayi a gindin kuka, ya ɗora haɓa bisa sanda. Jikarsa ce zaune kusa da shi, ɗaya daga littattafan da Hammawa ya kawo a cinya, tana bin layi da yatsa. Shanu sun gangara rafi su kaɗai.