Ruwan Ranar Juma'a

Alayyafon Barau ya sake ƙonewa. Ya tsuguna a bakin kunya, ya tsinki ganye ɗaya, ya marmashe a hannunsa kamar taba. Karo na huɗu ke nan tun bayan ƙaramar Sallah. Dillalin da ke kwasar kayansa zuwa kasuwar Mile 12 ya riga ya faɗa masa, in aka ƙara kawo irin wannan, ya nemi wani mai saye. Shekara tara yana noma wannan fili a bayan layin dogo na Agege, da ruwan rafin da ya gangaro daga wajen Ikeja. Ba shi da wani fili, ba shi da wani ruwa.

Kowa a lambun ya san akwai kamfanin rini a can sama, kuma bututunsa a cikin rafin yake. Zamanin soja ba wanda ya buɗe baki. Da farar hula suka hau, masu lambu suka kai kuka ofishin kula da muhalli, aka turo musu Bilkisu, haifaffiyar Agege, mai Hausa da ƙamshin Yarbanci. Sau uku tana zuwa da kwalabenta tana ɗibar ruwa. Yau Talata, zuwanta na huɗu.

"Baba, ruwan nan lafiyarsa lau," in ji ta. "Takardar kamfani ta ce duro ashirin suke saki a mako, kuma tatacce. Ogana a ofis ya ce ƙila takin zamani kuke cikawa. Zai rufe maganar ƙarshen wata."

"Taki?" Yari, maƙwabcinsa na kunya, ya yi dariya. "Hajiya, Barau ko gishiri ba ya cikawa a miya, bare taki."

Barau ya juya wajen ruwan. Yana kallon duwatsun bakin rafin, waɗanda shuɗi ya kama gindinsu.

"'Yata, wace rana kike zuwa?"

"Talata. Sau ɗaya Laraba."

"Ganyen nan Asabar yake fara laushi. Kullum Asabar." Ya kakkaɓe marmashin ganyen daga hannunsa. "Ran Juma'a da yamma nake ba shi ruwa mai yawa, don zuwa masallaci yana hana ni ba shi na rana."

Sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku ranar Juma'a, ba kowa a bakin rafin nan. Masu lambu suna masallaci, 'yan garuwa suna masallaci. Hatta masu gadin kamfanin 'yan Arewa ne, sahu ɗaya suke tsayawa da shi. Kafin a dawo, ruwa ya wuce da launin, ya bar dafin a ramukan da suke ɗiba.

"To wa zai tsaya ya gani?" in ji Yari. "Ni dai ba na barin Juma'a saboda alayyafo."

Iyatu, matar Barau, tana kwance ɗaurin kwanon abincin da ta kawo masa. Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ni Juma'a ba ta wajaba a kaina ba. Ita ma Hajiya haka."

Ranar Juma'a Barau ya zauna a sahu na shida, huɗuba tana shiga ta kunne ɗaya tana fita ta ɗaya. Ya yi istigfari, hankalinsa ya sake komawa rafi. Ana sallama bai tsaya gaisawa ba, ya tari mai babur, ɗan okada.

Ya same su a gindin bututu. Gefen zanen Iyatu ya rine, hannunta sanye da safar roba har gwiwa, wari yana hawa kai. Kwalabe shida a jere, ruwan cikinsu baƙi ƙirin. Bilkisu tana rubutu a kan cinyarta.

"Ƙarfe ɗaya daidai suka buɗe," in ji ta. "Mama tana tara bokiti, ina duba agogo. Sau goma sha biyu muka gwada. Daƙiƙa huɗu yake cika. Bokiti goma duro ɗaya ne. Awa biyu suka yi, Baba. Duro ɗari da tamanin, a rana ɗaya."

"Suka ce ashirin."

"Haka suka ce."

"Za a rufe su?"

"Ban sani ba. Dokar ta ce su haƙa wurin tace ruwa. Za su ja, za su kawo lauya. Amma Oga ba zai iya rufe takardar nan ba yanzu." Ta ɗaure kwalaben a leda. "Juma'a mai zuwa zan dawo. Sau uku nake so, don kada su ce tsautsayi ne."

"Ki zo da babban bokiti," in ji Iyatu. "Wannan ya karya mini kafaɗa."

Da yammar nan Barau bai taɓa ruwan ba. Ya bi kunya kunya yana hana mutane ɗiba, ya sa suka kwashe ruwan ramukan suka zubar. Shuka ta kwana biyu da ƙishirwa, ta langaɓe, sai Lahadi da safe ya ba ta ruwa.

Bayan mako uku dillali ya zo, ya jujjuya dami ɗaya kore shar, ya shinshina.

"Ka canza iri ne?"

"A'a."

"To a loda."