Injin da Kompadre Ya Sayar

Don Nicanor Baeza bai taɓa sayen inji ba tare da ya ji kukansa ba sai sau ɗaya, kuma sau ɗayan nan ya ishe shi har kabari.

A farkon bazara ƙaramar taraktarsa ta buga inji a tsakiyar gonar tuffa. Da ita yake jan tankin feshi a tsakanin bishiyoyi, tunda gwiwoyinsa sun daina yarda ya goya kaya. Ita kuwa tsutsa ba ruwanta da gwiwar tsoho. 'Yarsa Herlinda, wadda ke aure a Juárez, ta riga ta faɗa masa a waya ba tare da kwana-kwana ba: in tuffar bana ta lalace, za ta sayar da gonar ta ɗauke shi birni. Gonar kuma da sunanta take tun rasuwar uwarta.

Ya shiga mota sai Cuauhtémoc, wurin Fulgencio Loya, mai filin tsoffin injuna da ake kwasowa daga tsallaken iyakar Amurka. Fulgencio ne ya riƙe Herlinda ranar baftismarta, saboda haka kompadre ne, wato ɗan'uwa ta hanyar baftisma, kuma a wajenmu ba a titsiye kompadre. Ka ce masa "tayar in ji," kamar ka kira shi ɓarawo ne a gaban matarsa. Mutum ne mai fara'a da ƙaton tumbi, kuma duk zuwan da zai yi gonar Nicanor sai ya leƙa rijiyar ya yaba ruwanta.

"Kompadre! Ashe kana raye? Na ɗauka ungulu sun gama da kai."

"Sun zo, sun ga ba nama. Inji nake nema, ƙarami."

Fulgencio ya ja shi bayan rumfa, ya yaye buhu daga kan wani jan inji mai sheƙi.

"Na gas ne, tukunya ɗaya ta yi maka mako. Wani ya taya jiya na hana, na ce wannan na gida ne. Ko in tayar maka? In dai ba ka yarda da ni ba..."

"Haba, kompadre! Ni da kai?"

Amma da Fulgencio ya juya amsa waya, tsohon ya zaro ƙarfen gwada mai da sauri, ya murza a yatsa. Man garau, kamar zuma. Haka ubansa ya koya masa duba inji, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Ya mayar da ƙarfen, yana jin nauyin zargin da ya yi wa mutumin kirki.

Da kansa Nicanor ya ɗora injin a taraktar, yana zaune a kan bokiti. Injin ya tashi da ƙyar, ya ja tanki layi biyu, ya yi tari, ya mutu. Washegari ma haka. Nicanor ya canza filogi, ya hura tiyo, ya zagi tukunyar gas, ya zagi hannunsa, ya zagi kowa banda wanda ya kamata. Kafin ya haƙura lokacin feshi ya wuce. Tuffa ta fara zubowa ɗanya, kowacce da ɗan raminta, ya riƙa tsinta yana fasawa ko zai sami mai lafiya.

Ya koma filin injuna ranar Asabar, ya tarar da Fulgencio da abokansa suna gasa nama. Murya ƙasa-ƙasa ya yi bayani, don kada ya kunyata shi. Fulgencio kuwa ya ɗaga tasa.

"Ku ji fa! Ya ce injin ya gaji. To da me zai yi? Shekara da shekaru yana goge daɓen kantunan Amurkawa! Gas ba ya baƙanta mai, kompadre, ko injin ya zama gawa man nan fes zai fito. Na ganka kana murza shi a ɓoye, na ce ai masani ne, ya duba ya gamsu. Ban ce in tayar maka ba? Kai ka ƙi."

Aka kwashe da dariya. Wani ya miƙo masa nama a cikin gurasar masara, ya karɓa don bai san yadda zai ƙi ba, ya tsaya riƙe da shi har ya huce.

Herlinda ta zo bayan kaka. Ta zaga gonar hancinta a toshe saboda warin ruɓaɓɓiyar tuffa, ta ce ba wanda zai sayi wannan juji. Sai ga wanda zai saya, Fulgencio, cikin sabuwar hula, yana cewa ba zai bari gadon 'yarsa ta baftisma ya faɗa hannun bare ba. Herlinda ta yi ƙwalla, ta sumbaci hannunsa, aka sa hannu a kan murfin mota.

Nicanor na zaune a kujerar baya, jakar kayansa a cinya, ya kafe ido a ƙasa. Herlinda ta buɗe ƙofar da ƙarfi.

"Baba, wane irin hali ne wannan? Mutum ya rufa mana asiri, ko godiya babu? Fito ka gaishe shi."

Ya dafa ƙofa ya sauko a hankali, ya cire hularsa.

"Na gode, kompadre," in ji shi.

"Ban ji ba," in ji Fulgencio, ya karkato kunne yana murmushi.

Tsohon ya maimaita.