Goron Alhaji Nasiruddeen

Alhaji Nasiruddeen yana da kamfanin cashe shinkafa a Nukkai, ma'aikata arba'in da ɗoriya, kuma duk cikinsu babu kamar Tobiya, shugaban masu kula da injin. Shekara goma sha takwas suna tare. Sai ga shi wata Litinin Tobiya ya ajiye takarda a kan tebur, wai ƙarshen wata zai tafi. Alhaji ya tambayi dalili, Tobiya ya ce babu komai.

'Yar Alhaji ce ta haɗa shi da Malama Hadijatu, wadda sana'arta ke nan, zama da shugabannin kamfanoni har su gano da kansu inda suke tuntuɓe. Alhaji ya dube ta, ya ga ba ta girmi 'yarsa ba.

"To 'yata, faɗa mini abin da ke damun Tobiya."

"Baba Alhaji, ni ba boka ba ce. Ka dai bar ni in zauna a taronku."

Ranar taro ta zauna can kusurwa tana saurare. Alhaji ya buɗe taro ya ce, me ya sa shinkafa take karyewa a injin bana? Tobiya ya gyara zama zai yi magana, sai Alhaji ya ce ai irin da manoma suke kawowa ne ba shi da kyau. Kowa ya ce, haka ne, ranka ya daɗe. Haka aka yi ta yi har aka tashi.

Da suka rage su biyu ta ce, "Baba, tambayoyin da ka yi, wa ya amsa su?"

"Su mana."

"Wane ne a cikinsu?"

Alhaji mutum ne da ya yi fatauci har Kamaru, ya san idan an kama shi. Ya ce, "To ni bakina ba ya jira. Yaya zan yi da shi?"

"Kai ka san shi, ba ni ba. Me yake iya tsayar da shi?"

Ya yi dariya. "Sallah. Sai goro. Mahaifina ya hana mu magana da goro a baki, har yau ban iya ba."

Ta dubi aljihunsa.

Litinin ta zagayo, saura kwana shida wata ya ƙare. Alhaji ya sake yin tambayar shinkafa, sannan ya ɓare farin goro ya jefa rabi a baki. Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ma'aikata suna satar kallon juna, suna jiran ya amsa musu kamar kullum. Shi kuwa yana ta tauna, gumi yana keto masa.

Can Tobiya ya ce, "Alhaji, ba iri ba ne. Shanya ce. Kai ka ce a baza ta a kan siminti da tsakar rana don a yi sauri. Zafin nan shi yake tsattsaga ta. Shekara uku ina so in faɗa."

Goro ya ƙare daidai nan, kuma amsa mai zafi tana kan harshen Alhaji. Ya waiga kusurwa. Malama Hadijatu tana duban farcenta, kamar ba ta ɗakin. Ya ɗauki ɗaya rabin ya jefa a baki.

Tobiya ya ci gaba. Ya kawo maganar rumfa, da shanyar safe da ta yamma. Wasu biyu da Alhaji bai ma san muryarsu ba suka sa baki. Da Alhaji ya haɗiye, abin da ya ce kawai shi ne, "Tobiya, yi yadda ka gani."

Bayan taro Tobiya ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. "Alhaji, takardar nan tawa, a ba ni in sake dubawa."

"Akwai kuskure a ciki ne?"

"Akwai."

Alhaji ya raka Malama Hadijatu har wurin keke-napep. Ya ce, "Ke yarinyar nan, sati biyu ba ki faɗa mini ko abu ɗaya ba."

"Goron naka ne, Baba. Ranar Litinin ka zo da guda biyu, na ga mai kula da sito ma yana da magana."